Kowa Ya Zauna Inda Yake

A gidan Yaya Barkat ba a kallon wasan kurket da murya. Hoto kawai. Za ka ga mai jifa ya sheƙo da gudu, alƙali ya ɗaga yatsa, 'yan kallo sun wage baki, amma talabijin ɗin tsit. Ba lalacewa ta yi ba. Yayana ne ya kafa dokar, kuma duk layinmu a Okara an san dalili: wani mai sharhi da muka laƙaba wa suna Bakin Zuma.

Mutumin nan kambun baka gare shi, kuma albashi ake biyansa a kai. In ya ce wane hannunsa ya faɗa, yau babu mai fitar da shi, jifa na gaba sai ka ga sandunan bayansa sun watse. In ya ce yau sama garau take, to maza kwashe shanyarki. Shekara da shekaru maza suna zaginsa a shagon aski da wurin mai shayi, amma yana nan daram, da gashinsa da ya sha rini da murmushinsa. Ni dai ban taɓa ƙin wani ɗan Adam da ba abin da ya haɗa mu ba kamar yadda na ƙi shi.

Sunana Zarina. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan yayana, kuma ni na goyi ɗansa Talha, don uwarsa ba ta daɗe ba bayan haihuwarsa. Talha ne ya mai da kurket abin fargaba a gidanmu, don tun yana ƙarami aka ga yana da hannu, har ya kai ga buga wa yankinmu.

Dokar murya ita ce ƙarama. Babbar ita ce ta zama. Da zarar Talha ya shiga fili da katakonsa na dukan ƙwallo, kowa ya zauna inda yake, yadda yake, har sai an fitar da shi ko an tashi wasa. Mai harɗe da ƙafa ya bar ta a harɗe. Mai jin fitsari ya riƙe abinsa. Ba mu muka ƙirƙiro ba, rabin ƙasar nan haka suke yi, amma babu wanda ya riƙe ta da haƙori kamar Yaya. Akwai ranar da Talha ke buga wa gunduma, Yaya ya miƙe kawai don ya tofar da yawu, kafin ya juyo an fitar da yaron. Tun daga ranar, ko kunama ce ta hau shi ba ya motsi. Kuma ba a yabon Talha a gaban Yaya. Sai dai a ce rago, a ce sakarai, don ido da baki su wuce shi.

Ana saura wata guda wasan ƙarshe na gasar yankuna, sai ga Bakin Zuma a ƙofar gidanmu da masu ɗaukar hoto, wai suna shiri a kan iyayen 'yan wasa. Baƙo ne, ba yadda za a yi a kore shi. Aka yi masa shimfiɗa, aka kawo lassi, nonon nan namu da ake damawa, mai sanyi. Yaya tsohon ɗan kokawa ne, shi ya sa kowa ke ce masa Pahalwan, kuma har lokacin shi ke tsaye a kan injin niƙansa. Duk tambayar da aka yi masa a kan Talha sai ya ce, "Ragon yaro ne, barci ya fi iyawa." Da mutumin ya ga ba zai samu abin da ya zo nema ba, sai ya juya kan Yaya. Ya tambayi shekarunsa, ya latsa damtsensa, ya ce anya zai iya ɗaga buhun alkamar can? Tsoho da son a sani! Ya saɓa buhun a kafaɗa har ya zagaya tsakar gida da shi. Bakin Zuma yana ta tafi, ko masha Allah bai ce ba.

Suna fita na ɗauko busasshen jan barkono, na zagaya hoton Talha da shi na jefa a garwashi. Hayaƙi ya turnuƙe, na yi ta tari har da hawaye. Hankalina ya kwanta, don in barkono ya shaƙe mutum to babu ido. Da Yaya ya kishingiɗa bayan azahar, na zagaya kansa shi ma da wani, na jefa. Ya ƙone ƙurmus, ko atishawa ban yi ba. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "Ke yarinya, hancinki ne ya tsufa." Na haura sittin, amma har lokacin yarinya yake ce mini.

Ranar wasan, su suna can Karachi, mu muna nan da zafin da ke narkar da kwalta. Aka fito da talabijin baranda, aka jawo gadon igiya gabanta. A kan gadon nan Yaya ke kallon duk wasannin Talha, a gefen dama, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a lanƙwashe. A kansa aka ɗauki babanmu zuwa maƙabarta, a kansa aka ɗauki uwar Talha, don a wurinmu gadon da kake zama a kai shi ne makararka. Ban san abin da ya sa na tuna haka ba da safen nan, ina kakkaɓe shi.

Maƙwabta biyu ne kawai Yaya ya yarda su shigo, don sun san doka. Malam Inayat, tsohon malamin makaranta, da Liaqat mai shagon waya. Tun kafin su zauna suka fara abin da suka saba.

"Wannan ai ba kurket ba ne," in ji Malam Inayat, yana nuna talabijin da sandarsa. "Kurket fararen kaya ne, jar ƙwallo, kwana biyar. A tashi babu wanda ya ci, a gaisa, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Yanzu fa? Kaya kamar na 'yan rawar biki. An hana masu tsaro ja da baya don mai duka ya ji daɗi. Mai jifa ya ɗan taka layi, sai a ce jifa na gaba kyauta ne, ko an watsa sandunanka ba ka fita ba. In ruwa ya sauko, a yi wani lissafi da ko ni da na tsufa ina koyar da lissafi ban gane kansa ba."

"Shi ya sa ɗalibanka duk suka faɗi, Malam," in ji Liaqat. "Wa ke da kwana biyar yanzu? In rufe shago kwana biyar, in zauna kallon mutum yana tare ƙwallo kamar mai korar ƙuda?"

"Har da kai a ɗaliban, ja'iri. Kuma ka dubi masu sharhin naku. Da, a rediyo, mutum zai ce ƙwallo ta tafi hagu, ya ja bakinsa ya yi shiru. Yanzu sai zuba. Abin da wane ya ci da safe, agogon wane, motar wane."

"A nan kam na bi ka, Malam. Bakin Zuma ko da kyauta aka ba ni..."

"Kada a ƙara kiran sunan nan a gidana," in ji Yaya, ko juyowa bai yi ba.

'Yan ɗaya yankin ne suka fara duka, suka tara maki mai yawa. Da namu suka shiga sai suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi sallar la'asar a gaggauce. Na soya pakora, irin ƙosanmu na nan, na kawo shayi, na miƙa wa Yaya nasa a kofin gilas. Ina juyawa ke nan na ga alƙali ya ɗaga yatsa, wani namu ya kama hanyar fita, sai ga Talha yana saukowa daga matakala yana gyara hular ƙarfensa.

"Kowa ya zauna inda yake," in ji Yaya.

Ni a kan kujera 'yar tsugunno ta kama ni, a bakin ƙofar madafa, da tire a cinya. Rimot yana kan tiren, don a wurina yake zama, Yaya bai yarda da hannun Liaqat ba. Shi kuma Yaya ta kama shi da kofin shayi a hannun hagu, bai ko kurɓa ba.

Talha ya kafe. Ya tare, ya tare, sannan ya fara aika ƙwallo har igiyar bakin fili. Liaqat ne mai sharhinmu, ƙasa-ƙasa. "Kai, ragon banza, dubi yadda ya doke ta. Abin kunya." Malam Inayat ya ce, "Sakarai ne tun yana aji ɗaya." Yaya yana gyaɗa kai, yana jin daɗin zagin.

Daga inda nake, gefen fuskar Yaya nake gani, ba talabijin ba. Shi ya sa ni na fara lura. Shayin da ke cikin kofin yana rawa. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa, kuma ba irin gumin zafi ba ne, don fanka na kansa. Sai ya ɗaga hannun dama a hankali ya murza ƙirji, ya murza muƙamuƙi, ya mayar. Haka mijina Munawwar ya fara, a kan tabarmar cin abinci, yana cewa ba komai.

"Yaya, lafiya?"

"Kalau."

"Hannunka na rawa."

"Pakoranki ne, mai ya yi yawa. Iska ce ta tokare ni."

"Iska ce, Yaya Zarina," in ji Liaqat, idonsa a kan wasa. "Ni ma ina jin ta. A ba shi soda in an tashi."

Na ce, "Leɓenka ya yi toka, Yaya. Ka tashi mu je asibiti. Wallahi irin na Munawwar ne."

"Rufe mini baki, kada ki ja mini." Ya ja numfashi. "Saura zagaye nawa, Liaqat?"

"Huɗu, Pahalwan."

"Kin ji. Zagaye huɗu, jifa shida-shida. In an tashi ki kai ni duk inda kike so."

Ban tashi ba, amma wayata tana ƙulle a bakin mayafina. Na kira Dilawar mai riksha, wanda ke kai mana gari kasuwa a babur ɗinsa mai ƙafa uku, na ce ya zo yanzu-yanzu ya tsaya a ƙofa. Ya zo. Ya leƙo da kai ya ce, "Gwaggo, ga ni, wa za a ɗauka?" Sai idonsa ya faɗa kan talabijin.

"Tsaya nan inda kake!" in ji Liaqat. "Kada ka shigo, kada ka fita."

Haka Dilawar ya ƙame a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar. Na ce masa, "Ka dubi Pahalwan, Dilawar, ka dubi fuskarsa." Ya dube shi, ya ce, "Ai kam ya ɗan yi fari, Gwaggo," ya mai da ido kan wasa.

Kullum a daidai wannan lokacin ake ɗauke mana wuta. Kullum, har ranar salla. Na zauna ina roƙon Allah a ɗauke. Ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Aka zo jifa na ƙarshe, namu suna neman maki biyu. Talha ya doka, suka yi gudu ɗaya, suka juyo na biyu, aka watsa sandunan abokinsa kafin ya isa. Maki ya zo daidai wa daida. Na ajiye tiren a ƙasa na ce, "Alhamdu lillahi, an tashi. Dilawar, kama shi."

"Canjaras," in ji Malam Inayat, yana laluben sandarsa. "A raba kofi, kowa ya ɗauki rabi. Haka masu mutunci ke yi."

"Wane irin a raba?" in ji Liaqat. "Malam, kai fa har yanzu a zamanin rediyo kake. An daina wannan. Akwai zagayen raba gardama. Kowane ɓangare jifa shida. Kuma namu ne za su fara, ga Talha can ko hularsa bai cire ba."

Na ce, "Yaya, ka yi mini alkawari."

"Na ce in an tashi." Muryarsa ta koma ciki. "Ba a tashi ba."

"To a ɗauke ka da gadon. Ba ka motsa ba ke nan, gado ne ya motsa. Liaqat ya riƙe maka waya ka kalla a hanya."

"Gadon ma a nan yake lokacin da ya shiga."

Na dubi mazan nan uku. Da sun so, da sun ciccibe shi ko yana zagi. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga ko ƙafarsa ba, mutumin da ke saɓa buhu. Na ce, "Malam, kai ne babba, ka yi magana." Malam Inayat ya ce, "'Yar'uwa, jifa shida ne fa. Kafin a juya riksha an gama." Ba shida ba ne. Sai da aka yi tallan sabulu da na siminti, aka share fili, alƙalai suka tsaya suna shawara. Ni kuma ina kallon gumi na ɗiga daga haɓar yayana.

A nan ne wani tunani ya zo mini wanda ban taɓa zaton zai zo ba. In aka fitar da Talha, doka ta faɗi, Yaya zai tashi. Yaron da na goya a bayana, na wanke masa kashi, na sayar da awarwarona na saya masa katakon farko, shi na zauna ina roƙon a watsa wa sanduna a gaban duk ƙasa. Kuma da zuciya ɗaya na roƙa.

Na miƙe tsaye. Na taka har tsakiyar tsakar gida, na dawo, na sake komawa, ina jan takalmi don kowa ya ji.

"Yaya Zarina!" in ji Liaqat, kamar zai yi kuka. "Me kike yi haka? Zauna, don girman Allah!"

Na ɗaga murya na ce, "Talha gwani ne! Babu kamarsa a duk Punjab! Yau babu mai fitar da shi! Kyakkyawa, mai hannun zinariya!"

Malam Inayat ya toshe kunne yana a'uziyya. A talabijin mai jifa ya sheƙo, Talha ya ɗaga ƙwallo sama, ta tafi, ta tafi, ta faɗa cikin 'yan kallo. Maki shida. Yaya ya yi wani ɗan murmushi da gefen baki ya ce, "Bakinki ba shi da dafi, yarinya."

Na nufi bango inda aka soka wayar talabijin. Hannuna na kai, sai na ji muryarsa, ba ƙarfi amma kowace kalma a fili.

"Zarina. In kika zare wayar nan, ban yafe miki ba, duniya da lahira."

Tun muna yara bai taɓa yi mini irin wannan magana ba. Shi ya aurar da ni, shi ya karɓe ni da na dawo. Na janye hannuna. Na koma kan kujerata ina kuka, na ɗauki tiren na mayar cinya, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Namu suka gama shidansu, Talha bai fita ba. Waɗancan suka shiga nasu. Na ce, "Yanzu ai ba shi ke duka ba, Yaya." Ya ɗaga yatsa ɗaya kawai alamar in jira. Numfashinsa ya koma gajere-gajere. Jifa na ƙarshe, ƙwallo ta gangara, suka yi gudu, Liaqat ya dafe kai.

"Daidai kuma! Wallahi daidai kuma!"

"To shi ke nan," in ji Malam Inayat, kuma a karon nan na ji tsoro a muryarsa, don ya juyo ya ga abin da nake gani. "A ƙirga wanda ya fi aika ƙwallo igiya a ba shi. Ba haka kuka ce ake yi ba? A ƙirga a sallame mu."

"An soke wannan ma, Malam. Mutane sun yi ta ƙorafi, aka sauya. Yanzu sai a sake wani zagayen."

Na ce, "In aka sake yin daidai fa?"

"A sake wani."

"Har yaushe?"

"Har sai wani ya ci."

"Talha fa?"

Liaqat ya sunkuyar da kai. "Wanda aka fitar ne ba ya dawowa. Shi ba a fitar da shi ba."

Malam Inayat ya ce, "Pahalwan, ko dai mu tafi? Yaron ya yi abin da zai yi." Yaya ya girgiza kai kaɗan. Ya ce, "Shekara ashirin... yana jiran yau." Daga nan bai ƙara magana ba. Malam ya koma ya jingina. Dilawar yana nan a ƙofa da ƙafa ɗaya a waje.

Aka sake tallan sabulu. Waɗancan suka fara duka a wannan karon, suka gama. Rana ta sauka bayan katanga, inuwa ta rufe baranda, hasken talabijin ya koma shuɗi a fuskar Yaya. Sai ga Talha ya sake fitowa, karo na uku, yana juya kafaɗa. Na dubi tiren da ke cinyata. Motsina bai fitar da shi ba, yabona bai fitar da shi ba. Amma akwai bakin da bai taɓa kuskure ba. Yaya waya ya hana ni zarewa, bai ce komai a kan rimot ba.

Na danna.

Murya ta cika gidan da ya shekara goma bai ji ta ba. Ihun 'yan kallo, ganguna, sannan shi, da muryar nan tasa mai santsi. Liaqat ya juyo a firgice ya ce, "Kashe! Kashe!" Na ƙanƙame rimot a ƙirji. A zuciyata ina cewa, yabe shi, la'ananne, yabe shi kamar yadda ka saba.

"Ga Talha nan kuma," in ji Bakin Zuma. "Jama'a, kuna mamakin inda yaron nan ya samo ƙarfi? Ni na je gidansu a Okara. Na ga mahaifinsa da idona. Dattijo ya doshi saba'in, amma wallahi ƙarfe ne! A gabana ya saɓa buhun alkama kamar matashin kai. Bai taɓa kwana a asibiti ba, ko allura bai sani ba. Irin mutanen nan ne ke shekara ɗari. Ina gaya muku, zai ga ɗansa cikin rigar ƙasa, zai ga jikokinsa suna buga wasa a filin nan!"

Na lalubi wurin kashe murya. Na danna, na danna, yatsana ya kasa samun wurin.

Kofin bai faɗi ba. Karkacewa ya yi a hankali, shayin da ya daɗe da hucewa ya zubo a kan gwiwar Yaya, ya bi ƙaurinsa, ya taru a ƙasa kusa da takalminsa. Kansa ya ɗan sunkuya, kamar mai duba abin da ya zube. Idonsa a buɗe. Na kira shi, "Yaya." Na sake kira. Ihun talabijin ya danne muryata, kuma mazan duk sun miƙa wuya gaba, don saura maki huɗu.

Na rarrafa na isa gare shi, na kama ƙafarsa. Sai na ji baranda ta ɗauka. Liaqat ya yi tsalle har ya bugi fanka, Dilawar ya faɗo ciki yana kabbara, Malam Inayat da ke ƙin wasan zamani yana ɗaga sanda sama. "Ya ci! Pahalwan, ɗanka ya ci! Ragon banza ya ci!" Liaqat ya dafa kafaɗarsa ya girgiza. Yaya ya tafi gefe gaba ɗaya.

Har yau ana gardamar nan a layinmu, a shagon aski da wurin mai shayi. Malam Inayat ya ce dokar zamani ce ta kashe shi, da an raba kofi tun farko da ya isa asibiti da ransa. Liaqat ya ce bakin mutumin nan ne, da kuma wadda ta buɗe masa ƙofa. Ni na ce ƙarti uku ne da suka zauna suna ƙirga jifa. Abu ɗaya suka haɗu a kai, wai aƙalla ya ga dukan ƙarshe, ya tafi da farin ciki. Ƙarya ne. Ni nake kallon fuskarsa. Bai gani ba.

Malam Inayat ne ya taɓa wuyansa, ya daɗe, sannan ya yi salati ya shafe masa ido. Dilawar ya tsuguna yana ɓamɓare yatsunsa daga jikin kofin, ɗaya bayan ɗaya. Muka miƙar da ƙafar da ke lanƙwashe, da ƙyar ta miƙe. Aka fara kiran magariba a masallacin layi. Babu wanda ya tuna da talabijin, tana nan tana ta zuba a bayanmu, har sai da muka ji muryar da muka sani.

Na juya. Talha ne, gumi sharkaf, kofi a hannu, Bakin Zuma ya rungumo kafaɗarsa yana miƙa masa abin magana. Ya tambaye shi wa zai sadaukar wa wannan nasara.

"Babana," in ji Talha, yana haki yana dariya. "Yana gida a kan gadonsa. Na san tun da na shigo fili bai motsa ba, ko ruwa bai sha ba. Duk jifan da aka yi mini ina jin zamansa a bayana." Ya dubi cikin kyamara ya ɗaga hannu. "Baba, an gama. Ka tashi ka miƙe ƙafa. Gwaggo, ki ba shi shayi mai zafi."

Bakin Zuma ya ƙyalƙyale da dariya, 'yan kallo suka yi tafi.

Malam Inayat ya ce a shigar da shi ɗaki a juya shi alƙibla kafin mutane su fara shigowa. Gadon ƙafa huɗu gare shi, mazan kuwa uku ne. Na ajiye rimot a ƙasa na kama ta huɗun.